Ranar da Kalo Bibi Ta Makara

"Gara ki tsufa a gidana, Jobeda, da in sake ba ɗan ruwa aurenki."

Shekara biyu ke nan mahaifinta Ketabuddin yana maimaita wannan magana, har maƙwabta sun haddace ta. Ya faɗe ta ranar da Mokbul ya fara turo manya, ya faɗe ta gaban liman, jiya ma kafin hadari ya taso sai da ya sake faɗa.

Jobeda ba yarinya ba ce. Shekarunta ashirin da biyar, ta taɓa aure, ta yi takaba. Mijinta na fari, Sobhan, ma'aikacin jirgin dakon kaya ne. Wata bakwai da ɗaura musu aure kogin Padma ya haɗiye shi, ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga nan Ketabuddin ya ƙulla gaba da kogi da duk mai neman abinci a kansa, alhali shi ma rumfarsa ta shinkafa da kifi a bakin gat take, inda jiragen ruwa ke tsayawa, fasinjansu kuma su ne masu cin abincinsa.

Sai Allah ya sa zuciyarta ta sake faɗawa kan ɗan ruwa. Mokbul mutumin Nowakali ne, shi ke riƙe da sitiyarin jirgin wasiƙu mai tasowa daga Chandpur. Turawan kamfani sun rubuta wa jirgin wani suna a jiki da ba mai iya faɗa. Mu dai Kalo Bibi muke ce masa, wato Baƙar Uwargida, saboda baƙin bututun hayaƙinta.

Sau uku Mokbul yana turo mutane, sau uku ana sallamarsu da shayi da ban haƙuri. A zuwansa na ƙarshe Jobeda ta yi masa magana ta bayan asabarin madafa. "Je ka ɗauko mahaifiyarka. Bajan, mahaifina, yana jin kunyar tsofaffi, wataƙila in ya ga furfurarta ya sassauta." Ya yi mata alkawarin ran Laraba zai zo da ita.

Jiya ce Laraba. Da la'asar sakaliya sama ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin watan Boishak mai tuge itatuwa ya naɗe kwano kamar tabarma. Kalo Bibi da kan iso kafin magariba ba ta iso ba. Jirgin ƙasan Kalkata ya jira, ya gaji, ya yi kuwwa ya tafi ba wasiƙu ba fasinja.

Har gari ya waye, shiru.

*

Abin kuma ya zo daidai da ranar tashi. Mu a Gowalando ba mai gini da bulo, don Padma ba ta barin gari ya yi shekara uku wuri ɗaya. In ta fara cin gaɓa, sai injiniyoyi su ɗaga layin dogo su shimfiɗa shi gaba, tasha ta bi shi, gidan waya ya bi, masu rumfuna su kwance gora da kwano su bi. Bana tsagar gaɓar ta iso har bayan masallaci, aka ce kowa ya kwashe kafin Juma'a, sabon gat yana mil uku ƙasa.

Ketabuddin dai ya ce ya gaji da gudun kogi. Ba sabon gat za shi ba, Rajbari zai koma, inda Yakub Ali mai kekunan doki ya yi masa tayin shago a gininsa na bulo. Kowa ya san abin da ke bayan tayin. Matar Yakub Ali ta rasu bara waccan, kuma tun ranar da ya ci kifin da Jobeda ta dafa bai sake wuce rumfar bai tsaya ba.

Jobeda tana durƙushe tana jera tukwane cikin kwando. Tukunya guda ta saka ta, ta fitar, ta sake sakawa. Idanunta sun kumbura sun yi ja.

Nani, kakarta ta wajen uwa, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta, tana zaune kan buhun shinkafa tana daka ganyen pan, wanda ake taunawa kamar goro, a ɗan turminta, don haƙora sun ƙare.

"Tukunyar nan laifi ta yi miki? Bar ta ta huta. Zo ki sa wani abu a cikinki."

"Ba zai wuce ba, Nani."

"Rabonki da abinci tun jiya da rana."

"Ina Bajan?"

"Wai ya tafi neman igiya." Nani ta taɓe baki. "Ga igiya nan tuli a bayanki. Tun asuba ake neman igiya."

Kafin Jobeda ta ce wani abu suka ji kukan amalanken shanu, da muryar Yakub Ali yana yi wa masu kora tsawa kada su matsa kusa da tsaga. Ta ja gefen sarinta ta rufe kai, ta koma bayan asabari.

Ya yi sallama. Mutum ne kakkaura mai tsabta, da laimarsa da takalmin fata mai ƙara. Ya gaida Nani har ƙasa, ya miƙa mata ƙunshin alewar madara, sannan ya juya ya fuskanci asabarin.

"Jobeda Bibi, na kawo amalanke uku. In an yi sauri, yau za ku kwana ƙarƙashin rufin da iska ba ta ɗagawa."

"Mun gode, Saheb."

"Godiya kawai? Wata goma sha huɗu ina zarya, kullum godiya." Ya sassauta murya. "Ni ba yaro ba ne, ban iya daɗin baki ba. Abin da nake da shi shi zan faɗa. Gida mai bene, rijiya a tsakar gida, taga mai gilashi. Duk inda na je da rana, magariba a gida take yi mini. Ba za ki taɓa tsayawa bakin ruwa kina leƙen hayaƙi ba."

Hawaye suka zubo mata. "Saheb, wallahi ban taɓa ganin aibinka ba. Amma na gaya maka tun farko, na riga na ba wani magana."

Ya jujjuya laima a hannu.

"To, ban so ki ji daga bakina ba," in ji shi, "amma gara ni da 'yan kasuwa. Masunta sun shigo yanzun nan. Sun tsinci kujerun benen jirgi huɗu suna yawo a ruwa, da buhun wasiƙu, da hular ma'aikacin jirgi. An kai wa Baturen tasha, ya duba lambar da ke jikin buhun."

Ya kawar da kai daga asabarin.

"Na Kalo Bibi ne."

*

Ba ta yi ihu ba. Kawai ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da ginshiƙin gora. Tana jin Nani na salati, tana jin Yakub Ali na cewa a kawo ruwa, duk kamar daga ƙetaren kogi.

A haka Ketabuddin ya shigo ya same ta. Hannunsa ba igiya. Zanensa ya jiƙe da taɓo har gwiwa, gemunsa a hargitse. Yakub Ali ya fita wurin amalankensa ya ba su wuri.

"Uwata," in ji Ketabuddin, ya durƙusa gabanta. "Uwata, dube ni."

"Ni na kashe su, Bajan."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ni na ce ya ɗauko ta. Tsohuwa tana zaman zamanta a ƙauye, na ce ta zo ta roƙe ka. Da ka amsa tun zuwan farko, da ba ta shiga jirgin nan ba. Da ni na haƙura tun farko, da ba ta shiga ba. Ni da kai muka..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ba a tabbatar da komai ba tukuna. Daga gidan waya nake. Iska ta tsinke waya a hanya, malamin ya ce ba labarin da ke shigowa, mai daɗi ko marar daɗi. Kujera ba mutum ba ce, iska tana iya kwasar kujera."

Nani ta ajiye turminta. "Au, yanzu a gidan waya ake sayar da igiya, Jamai?" Haka take kiran surukin nata tun ranar da ya auri 'yarta.

"Ammajan, ki bar ni da abin da ke damuna." Ya juya ga Jobeda. "Kin gani ko? Abin da nake guje miki ke nan. Kina tsammani ƙin yaron nan nake? Yaro ne mai ladabi, mai salla, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Amma ni na yi kwana tara cikin kwale-kwale ina neman Sobhan, ina juya duk gawar da ruwa ya tofar a gaɓa ina duba fuska. Ni na dawo na same ki kin zama kamar kara. Na yi wa Allah alkawari, muddin ina numfashi ba za ki sake wannan kukan ba."

"To wanne take yi yanzu?" in ji Nani.

Ketabuddin ya ɗago kai.

Tsohuwar ta dafa buhu ta miƙe da kyar. "Tambayarka nake, Jamai. Wannan da take yi dariya ce? Shekara biyu ina kallonka na yi shiru, don gidanka ne. Ka hana ta aure don kada ta tsaya jiran jirgi. Wace yamma ce ba ta tsaya ba? Ga ɓular da ta yi da yatsa a asabarin nan, daidai tsayin idonta, je ka leƙa ka ga abin da ake hangowa. Duk fargabar da matar ɗan ruwa take yi, ta yi ta ba ragi. Abu ɗaya ka rage mata, daɗin ranar da ya dawo. Yau in ya mutu ko takaba ba ta da ikon yi masa, sai ta ɓuya a madafa ta yi kuka kamar ɓarauniya."

"Ammajan..."

"Ban gama ba. Kai ta Rajbari, ɗora ta a bene. Daga bene ma an fi hango kogi."

A waje ana ta buga guduma, ana sauke kwanon tasha ɗaya bayan ɗaya. Ketabuddin ya miƙe a hankali ya je jikin asabarin, ya rusuna ya sa ido a ɓular. Ya daɗe a haka. Da ya juyo, hawaye na bin gemunsa.

"Kullum, Jobeda?"

"Kullum, Bajan. Ka yafe mini. Allah ya sani na yi ƙoƙarin cire shi a raina. Na yi azumi, na yi istihara, na ce wa zuciyata ga mutumin kirki mai gida mai bene, ta ƙi ji. Ban taɓa niyyar saɓa maka ba, ko yanzu ka ce in hau amalanke zan hau. Amma kada ka ce in auri wani. Ka bar ni in yi ta yi maka girki har in tsufa, kamar yadda ka ce."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya.

Daga can ƙasan kogi, nesa, wani abu ya yi kuka. Siriri, a shaƙe, kamar saniya mai mura.

Gudumomi suka tsaya cak.

*

A Gowalando kowa ya san muryar kowane jirgi. Wannan ba ta yi kama da ta kowa ba. Mutane suka zubar da abin da ke hannunsu suka nufi gat: 'yan dako, masu shayi, waɗanda suka kwana a tasha suna jiran 'yan'uwansu, har Baturen tasha da tabaronsa na hangen nesa.

Jobeda ta manta da asabari, ta manta da takalmi. Sai ganinta aka yi bakin ruwa cikin jama'a, uban yana riƙe da hannunta kada ta taka gaɓar da ta tsage.

Da farko hayaƙi ne kawai, yana kwance kan ruwa maimakon ya tashi sama. Sannan jirgi ya ɓullo ta bayan tsibirin yashi yana tafe a karkace, ƙafarsa mai tura shi ta gefe ɗaya tana dukan ruwa, ɗayar tana juyawa da kyar. Rufin benen babu shi, an yaye shi kamar murfin tukunya. Bututun hayaƙin ya karye, saura rabi.

Amma rabin nan baƙi ne.

"Kalo Bibi ce!" wani ya ƙwala. Gat ya kaure, Musulmi na kabbara, matan Hindu na guɗa.

Jobeda ta ɗaga wuya tana leƙe. Jirgi ta gani, ba ta ga mutum ba tukuna. Idonta yana kan ɗakin tuƙi da gilasansa suka farfashe. Mutum biyu ne a ciki: sareng, tsohon shugaban jirgin, da farin gemunsa, sai wani dogo a bayan sitiyari, kansa ba hula.

Dogon ya juyo ya dubi gaɓa. Ba inda jama'a suke ya duba ba, can inda rumfar Ketabuddin take.

"Alhamdu lillahi," in ji Ketabuddin. Ita kuwa ta durƙusa nan cikin taɓo ta kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunta na girgiza. Wannan karon bai ce ta yi shiru ba.

Kafin a gama ɗaure jirgin, labari ya riga fasinja sauka. Da hadarin ya rutsa su a tsakiyar ruwa, sareng ya ce a nufi bayan wani tsibiri a soka hancin jirgin cikin yashi. Igiyar ruwa ta yi ta fizgar sitiyari, ta wurgar da mutum biyu da suka zo taimako. Mokbul ya rungume shi bai saki ba har jirgin ya cije a yashi. Iska ta kwashe rufi da kujeru da kaya, amma rai ko ɗaya bai salwanta ba. Nan suka kwana, da safe wani jirgin dakon rama ya janyo su.

Fasinja suka yi ta saukowa kan katako, wasu na sumbatar ƙasa. Can ƙarshe sai ga Mokbul, hannayensa biyu naɗe da tsumma har wuyan hannu, jini ya ɓullo ya bushe. A bayansa wata 'yar tsamurmurar tsohuwa ce cikin farin sari, ta damƙi rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙunshi. Idanunta a rufe gam, bakinta kuwa bai rufu ba.

"Ka ce mini kamar a kan tabarma zan zauna! Ka ce ko shayi ba ya zubewa! Allah ya isa tsakanina da wannan tabarma. Mun iso ƙasa? Kada ka yi mini ƙarya, Mokbul, mun iso ƙasa?"

"Mun iso, Ma. Buɗe idonki."

Ta buɗe ido ɗaya. Ta dubi taɓon da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta buga shi da dunduniya sau biyu ta tabbatar, sannan ta buɗe ɗayan.

"To. Ina mutumin da ya sa na sha wannan wahala?"

*

Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfar da rabin rufinta ke ƙasa. Fuljan Bibi sunanta. Ta sha ruwa, ta karɓi pan daga hannun Nani, nan take suka saba kamar tare suka tashi. Mokbul ya zauna daga bakin ƙofa kansa a ƙasa. Jobeda ta koma bayan asabari ta hura wuta, kunnenta yana waje. Yakub Ali yana tsaye da laimarsa, ba wanda ya tuna ya ba shi wurin zama.

"Ɗan'uwana," in ji Fuljan Bibi, "an ce ka ƙi ɗana don ɗan ruwa ne. Jiya da safe faɗa na taso in yi da kai. Yau kam na ba ka gaskiya. Duk wanda ya amince wa kogin nan ba shi da hankali."

Mokbul ya ɗago a firgice. "Ma!"

"Yi mini shiru, manya na magana." Ta sake fuskantar Ketabuddin. "Ubansa jirgin teku ya bi zuwa Rangun, yau shekara ashirin da shida, ban san inda kabarinsa yake ba. Abin da 'yarka ta sha, na sha shi tun ba a haife ta ba. Yaron nan har ɗaure shi na yi a jikin bishiyar kwakwa don kada ya je bakin ruwa, ya kwance ya tafi. To me zai ci? Gonakinmu teku ta cinye su. Amma bari in gaya maka abu ɗaya. Shekara shida na yi da ubansa. Da za a ce in mayar da su a ba ni manomi in yi sittin da shi, ba na mayarwa."

Nani ta gyaɗa kai, ta tofar da ruwan pan.

"Kuma ka sani," Fuljan Bibi ta ci gaba, "ƙafata ba ta ƙara taka jirgi har in koma ga Allah. Ƙauyenmu kuwa ba hanya sai ta ruwa. Don haka ko dai ka ba ni suruka in zauna wurinta, ko ka ciyar da ni a rumfar nan har in mutu. Kuma ina da ci."

Wata dariya ta kuɓuce wa Ketabuddin, irin wadda Jobeda ta yi shekaru ba ta ji ba. Ya share ido da gefen zane, sannan ya dubi Mokbul.

"Kai, in na ce ka bar jirgi, za ka bari?"

Mokbul ya dubi hannayensa. "In ka ce, zan bari in yi dako a tasha. Amma ba zan ɓoye maka ba, shi kaɗai na iya. Kuma jiya mutum ɗari uku ne a bayana, da ban ji daɗi ba a ce wani ne ya riƙe musu sitiyarin."

"Ban ce ka bari ba, tambaya na yi." Ketabuddin ya ja dogon numfashi. "Sharaɗina ɗaya. Ba za ka kai ta Nowakali ba, ba za ka kai ta Chandpur ba. Ɗakinku jikin rumfata za a kafa shi, duk inda kogi ya kora mu. Ranar da ka makara, ba na so ta jira ka ita kaɗai. Mu tsaya tare."

A bayan asabari ludayi ya faɗi ƙasa.

"Na yarda," in ji Mokbul. "Wallahi na yarda."

"Jobeda, kin ji?"

Aka ji shessheka. Can ta ce, "Na ji, Bajan. Allah ya saka maka da Aljanna."

Takalmin fata ya yi ƙara. Yakub Ali ya matso, fuskarsa a murtuke.

"Ketabuddin, amalanke uku na taso da su tun daga Rajbari. Shagon nan mutum biyar na hana saboda kai."

Ketabuddin ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. "Saheb, na ɓata maka lokaci, kuma laifina ne, ba na yarinyar nan ba. Ita ba ta taɓa yaudararka ba. Ka yi mini afuwa, sabon gat za mu."

"Sabon gat." Yakub Ali ya zare hannunsa. "Akawun da ke raba filin rumfuna a can ɗan ƙanwata ne. Ina fata ka sani." Ya buɗe laima ya fita. Suna jin yana ce wa masu shanu su juya, ko tsinke kada su ɗauka.

Nani ta bi shi da kallo. "Ya manta alewarsa."

"Bar ta nan," in ji Fuljan Bibi, tana kwance ƙunshin.

Maganar fili ta so ta tsaya wa Ketabuddin a rai, amma bai samu sarari ba. Ashe labari har ya kai gat. Sareng ya aiko ma'aikatan jirgi takwas, ya ce Kalo Bibi sai ta yi kwana uku ana gyara, hannuwa na zaune banza, su ɗauke wa surukin Mokbul rumfarsa zuwa duk inda yake so. Fili kuwa, a bari sai ya ga Baturen tasha.

Cikin hayaniyar kwance gora Mokbul ya matso jikin asabari, ya juya baya kamar mai kallon aiki.

"An ce kin yi kuka."

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin ne ya kai ki gat ba takalmi?"

"Wa ya gaya maka?"

"Gari duka."

A hankali ta ce, "Hannunka fa?"

"Zai warke. Duk sanda sitiyarin ya so ya ƙwace mini sai in ce, in na saki, Yakub Ali ya samu. Sai in ƙara damƙa."

Dariya ta zo mata tare da hawaye. "Ashe ba don mutum ɗari uku ba ne."

"Har da su."

Ta turo tasa ta ƙarƙashin asabarin: shinkafa mai tururi da gunduwar kifin ilish biyu cikin miya. Mokbul ya zauna ya kai hannu, sai ya tsaya. Yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada da gefen hannu, shinkafar ta zube. Ya waiwaya neman mahaifiyarsa, ya ga ta yi barci a zaune, kanta a kafaɗar Nani, guntun alewa a hannu. Jobeda tana jin motsinsa tana murza gefen sari, ba damar ta fito.

Ketabuddin ya sauko daga kan tsani. Ya tsaya yana kallonsa, ya yi tsaki, ya wanke hannu da buta. Ya zauna gabansa ya jawo tasar, ya shiga zare ƙayoyin kifin ɗaya bayan ɗaya, ya cuɗa da shinkafa ya dunƙula.

"Haba, Bajan, ni zan..."

"Za ka me? Da wane hannun? Buɗe baki."

Mokbul ya buɗe, idanunsa sun ciko.

"Kuma ka tauna a hankali," in ji Ketabuddin, yana dunƙula wata lomar. "Kifin nan ƙaya gare shi. Ba ka tsira daga Padma ba don ka zo ka mutu mini a rumfa tun ban ɗaura muku aure ba."